Fuskata Ta Riga Zuciyata

Zuwa ga jikar yayata, Mai Hular Wayoyi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutumin nan da ya ƙwace mini ke ya tafi da ke nesa. Ni ma lafiya, in ban da gwiwa, in ban da wani abu da zan faɗa miki a ƙasa. Malaminmu na ajin yamma ya ce ba a buɗe wasiƙa da kuka sai an gama gaisuwa. Da furfura a gemuna na shiga ajin nan, don haka abin da na koya ba na barinsa ya zube.

Albishirinki! An yi mini jika. Matar ɗana Babba ta sauka lafiya, an sami mace. Da na ji kukanta na farko ya hawo matakala, ni kaɗai a ɗaki na yi ta tafi kamar wanda ya zare. Na sa mata Ɗigo, domin duk kwalbar turaren da na haɗa a rayuwata, ɗigon ƙarshe ne yake gyara ta. Kunnuwan matata Marigayiya ta ɗebo sak. Daga yau kin sauka daga kujerar 'yar lele, sai haƙuri.

To, ga maganar. Kin san tun zazzaɓin da ya kwantar da ni bara ban ƙara sauka daga ɗakin sama ba, matakalar ƙarfen nan ta fi ƙarfin gwiwata. Abin da ba ki sani ba shi ne zazzaɓin ya tafi da hancina. Da farko ba na jin komai. Da ya tashi dawowa sai ya dawo a karkace. Duk abin da na sani da ƙamshi ya koma wari. Man wardi yana yi mini warin tayar da ta ƙone, ɓawon lemo kamar kwata. Ga shagon turaren a ƙarƙashin gadona. Babba na buɗe kwalabe da safe, abin zai biyo matakala ya same ni. In na rufe taga zafi ya dafa ni, in na buɗe, rumfar shagon ce a ƙasanta. Har zanen gadona bai tsira ba, domin Malama, wato matar Babba, Allah ya yi mata albarka, in ta wanke shi sai ta yayyafa masa Sanyin Safiya, haɗin da na yi suna da shi. Girmama ni take yi.

Babba ya sani, kuma ya roƙe ni in yi shiru. Masu saye suna zuwa ne don suna tsammanin har yanzu ni nake shinshina kowane haɗi kafin a toshe kwalba. Kullum sai ya hawo da kwalba a rufe, ya zauna kaɗan, ya sauka ya ce, "Baba ya amince." Ko matarsa bai gaya wa ba. Ya ce zancen da ya wuce mutum biyu na kasuwa ne.

Ranar da Malama ta sami ƙarfin hawa, da kanta ta kawo mini Ɗigo, a naɗe cikin farin tawul. Ta ce, "Baba, ga amaryarka ta zo gaishe ka." Na miƙa hannu biyu na karɓe ta, na sunkuya zan sumbaci kanta. Sai wari ya buge ni. Kafin in ankara fuskata ta yamutse, wuyana ya kau da kansa, na miƙa mata yarinyar da sauri don kada amai ya zo. Malama ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta gyara mata tawul. Ta ce, "A huta lafiya, Baba." Tun ranar ba a ƙara hawo mini da ita ba. Kukanta kawai nake ji daga ɗakin bayan shago.

An ce aikinki shi ne ki ɗora wa mutane hula mai wayoyi, ki ba su abu su shinshina, ki ga abin da ƙwaƙwalwarsu take yi. To tambayata: wa ya yamutse fuskar nan? Ni dai ban ba ta izini ba. Hutun haihuwar Malama ya kusa ƙarewa, za ta koma garin da take koyarwa, da Ɗigo a bayanta. Ina so in riƙe jikata kafin nan.

Kada ki kira ni a waya. Kin san sai na yi ihu nake jin kaina, duk layinmu zai ji. Ki ba direban da yake kawo wa shago kaya amsa.

Kakanki mai murna, duk da haka,
Mai Turare

*

Zuwa ga Kaka Mai Turare,

Barka, barka da arziki! Allah ya raya Ɗigo, ya ba Malama lafiyar shayarwa. Kujerar kuwa na bar mata, dama ta fara yi mini kaɗan. Mu duka lafiya, ɓarawon naka yana gaishe ka, ya ce ba zai dawo da ni ba. Yaya gwiwar?

Na karanta wasiƙarka na yi dariya a farko, a ƙarshe na kasa. Bari in gaya maka yadda aikinmu yake. Muna da wani ɗan ɗaki da ba ya warin komai. Mutum zai zauna, mu sa masa hular, mu kawo siririn bututu kusa da hancinsa. Sai mu saki abu ɗaya cikin iska mai tsabta, wani mai daɗi, wani marar daɗi. Motsin ƙwaƙwalwarsa yana fitowa a allon na'ura kamar layukan da suke hawa da sauka. Bayan nan mu tambaye shi abin da ya ji.

Abin da muka fi gani shi ne wari yana riga ƙamshi bayyana. Ƙamshi kamar baƙo ne mai ladabi, sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Wari kuwa faɗowa yake yi. Ina ganin dalilin shi ne yawancin abin da zai cuci mutum, hayaƙi ne ko ruɓaɓɓen nama, ta nan yake fara sanar da zuwansa, jiki kuma ba ya jiran shawara.

A wannan ɗan lokacin mutum ba ya iya kara, ba ya iya kunya. Abin da ƙwaƙwalwa ta ƙi, fuska za ta nuna shi, ko mai fuskar ya so ko bai so ba. A nan fuska ba ta ƙarya.

Amma naka, Kaka, hanci ne yake kai wa ƙwaƙwalwa saƙon da ba shi ba. Bayan irin zazzaɓin nan, 'yan siraran jijiyoyin hanci sukan lalace, in suna farfaɗowa sai su kai rabin saƙo su zubar da rabi. Ƙwaƙwalwa in ta kasa gane abu, sai ta ɗauke shi a matsayin haɗari. Da yawa suna warkewa a hankali, ban yi maka alkawari ba dai. A kai ka wurin likitan hanci. Ka kuma zaɓi abubuwa kaɗan da ka sani sosai, ka riƙa shinshinarsu kowace safiya kana tuna yadda suke a da.

Malama kuwa, ka gaya mata. Ita ce ta fi kowa haƙƙin sani.

Jikarka da aka sauke,
Mai Hular Wayoyi

*

Zuwa ga jikar yayata,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya. Ɗigo lafiya lau, na ji an ce ta fara bin fitila da ido. An ce ne, ban gani ba.

Na yi ɓarna. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Da wasiƙarki ta zo na karanta ta har na kusa haddacewa. Na ce alhamdulillahi, ga mai ilimi ta wanke ni. Amma in na ba Malama ita duka, za ta ga zancen hancina, na karya alkawarin Babba ke nan. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar tsohon da ya daɗe shi kaɗai a ɗaki. Na ɗauki almakashin gyaran gemu na yanke wurin nan na tsakiya, inda kika ce fuska takan yi abinta ko mai ita bai so ba. Na bar zancen zazzaɓi da jijiyoyi a ƙarƙashin matashi. Guntuwar kuma na sa ta ƙarƙashin kwanon da aka kawo mini abinci, aka sauka da ita.

Ba a daɗe ba na ji takunta a matakala. Zuciyata ta yi fari, na gyara hula, na shimfiɗa zane a cinyata. Sai ta shigo hannu biyu babu komai sai takardar. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Baba, na karanta. Na gode da aka nemo mini shaida daga nesa."

Na ce, "Yauwa, Malama, kin ga ke nan ba ni ba ne."

Ta ce, "Da ina ce wa kaina ko idona ne ya gani ba daidai ba, ko gajiyar haihuwa ce. Yanzu ga shi a rubuce. Abin da ƙwaƙwalwa ta ƙi, fuska za ta nuna. Dama an ce labarin zuciya a tambayi fuska." Sannan ta ce, "Don mace ce, Baba? In don haka ne ka faɗa mini, zan iya ɗauka."

Wallahi na buɗe baki. Sai ga kan Babba ya ɓullo daga matakala, da kwalbarsa ta kullum a hannu. Ido kawai ya zuba mini, irin kallon da yake yi mini yana yaro in ya fasa abu. Na rufe bakina. Malama ta ajiye takardar a bakin gado, ta raɓa mijinta ta sauka.

Ni da na sa wa yarinyar nan Ɗigo, ni ake tambaya ko don mace ce! Gaba kura, baya sayaki. In na yi magana na rushe wa ɗana shago, in na yi shiru na rasa jika. Me ya sa kika rubuta cewa fuska ba ta ƙarya? Tawa ta yi, ƙarya tsagwaronta.

Ki amsa da wuri.

Kakanki

*

Jikata,

Gaisuwa. Lafiya dai ko? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, babu takarda. Ko kin yi fushi da maganata ta ƙarshe? Ban ce laifinki ba ne. Almakashin nawa ne.

An ciro akwatin Malama daga kan kabad, na ji ƙararsa. An fara wanke ƙananan riguna ana shanyawa a igiyar da nake hangowa ta taga. Da girmansu nake gane yadda Ɗigo take ƙaruwa.

Na yi wa Babba magana. Ya ce, "Baba, ka ƙara haƙuri, in ta koma aiki za ta manta." Na ce mace ba ta manta fuskar da aka yi wa 'yarta, kuma wata rana Ɗigo za ta tambayi dalilin da kakanta bai taɓa ɗaukarta ba. Ya sunkuyar da kai, ya sauka, na ji shi yana ce wa wata mai saye, "Baba ya amince."

Yanzu aikina kallon Mai Faci da ke tsallaken titi. Yana zaune cikin tayoyi da baƙin mai, yana ɗaga mini hannu. Ni da na yi shekaru ina tausaya masa wurin zama, yau shi nake yi wa hassada. Ɗakin nan ya zama mini kwalbar da aka toshe, ni ne kuma a ciki.

Kakanki da yake jira

*

Kaka,

Ka gafarce ni. Wasiƙunka biyu tare suka iso, direban ya manta da su a aljihun mota. Muna lafiya. Ban yi fushi ba, amma in na zo sai na ƙwace almakashin nan. Ni ma na yi kuskure, na rubuta maka magana irin ta wurin aiki. Abin da nake nufi shi ne fuska ba ta ƙarya game da abin da hanci ya kawo. Na'urarmu ba ta taɓa nuna mana wanda mutum yake ƙauna ba, ba ta san wannan ba.

Na koma wasiƙarka ta farko, wani abu ya tsaya mini. A ɗakin aikinmu ba mu yarda kowa ya shigo da turare a jiki, ko sabulu mai ƙamshi, domin in abu biyu suka haɗu ba za mu san wanne ƙwaƙwalwa take amsawa ba. Matar da take yayyafa wa zanen gadonka Sanyin Safiya don ta girmama ka, me kake tsammani ta sa wa tawul ɗin 'yarta ranar da za ta fara kawo maka ita? Ina jin ba ka taɓa shinshinar Ɗigo ba tukuna. Haɗinka ka shinshina.

A wanke ta da ruwa zalla, a naɗe ta da ƙyallen da bai taɓa shiga gidanku ba, a kuma fitar da kai daga ɗakin nan, domin bangonsa ma ya sha turare. Ba zan ɓoye maka ba, yana yiwuwa fatar tata ma ta yi maka wari, fuskarka ta sake yin abin da ta yi. Shi ya sa dole Malama ta san komai kafin a gwada. Babu wanda zai wanke jaririya da ruwa zalla ba tare da ya tambayi dalili ba. Shagon kuwa na Babba ne, shi ma Allah ya ba shi hanci.

Jikarka

*

Zuwa ga jikar yayata, Mai Hular Wayoyi,

Bayan gaisuwa irin wadda Malamin ajin yamma zai ba maki cikakke, da fatan kuna lafiya. Ki gaishe da ɓarawo. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Wasiƙarki ta zo ana gobe Malama za ta tafi. Na buga sandata a ƙasa har sai da suka hawo su biyu. Na ce, "Babba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na ciro ragowar wasiƙarki ta farko daga ƙarƙashin matashi, da ramin almakashi a tsakiyarta, na haɗa da sabuwar na ba Malama. Ta karanta a tsaye, ta zauna a bakin gado ta sake karantawa. Sai ta kama zanen gadon ta shinshina.

Ta ce, "Baba, wato duk watannin nan a kan wannan kake kwana?"

Na ce, "Kamar a kan tayar da take ci da wuta."

Ta ce, "Tawul ɗin kuwa, rabin kwalba na juye masa. Na ce bari ta je wa kakanta da ƙamshinsa." Ta juya ga mijinta. Abin da ta gaya masa ba zan rubuta ba, Malaminmu bai koya mana rubuta irinsa ba.

Ita ta tsara komai. Ta aro tsohon zane wurin maƙwabciya, ta yi wa Ɗigo wanka da ruwa zalla. Ta leƙa ta taga ta kira Mai Faci. Shi da Babba suka ɗora ni a kujera suka sauko da ni, Mai Faci yana cewa, "Tsoho, ashe turare nauyi gare shi!" Da muka ratsa ta cikin shago na toshe hanci da hula a gaban masu saye biyu. Suka kalli juna. Babba ya kalli rufi.

Aka tsallaka da ni titi aka ajiye ni a bencin Mai Faci, tsakanin tayoyi. Rabona da rana ta taɓa bayana tun bara. Malama ta zo ta tsaya a gabana da yarinyar. Ta ce, "Baba, in fuskarka ta yi, ta yi. Ba zan kalla ba." Amma kallo take yi, ni ma da ni ne zan kalla.

Na karɓe ta. Na sunkuya a hankali kamar mai leƙa rijiya, na sa hancina a maɗigarta, na ja numfashi.

Babu komai, jikata. Ba ƙamshi, ba wari. Ɗumi kawai, da ɗan bugun nan da yake motsi ƙarƙashin gashi. Ni da na yi rayuwata ina neman ƙamshi, ban taɓa jin daɗin abu kamar wannan babu ɗin ba. Na sumbace ta, na ƙara. Ta kama gemuna ta riƙe gam.

Muna cikin haka ta yi wani jan fuska, ta yi nishi, ta cika zanen maƙwabciya. Mai Faci ya ja baya yana cewa, "Kai! Wannan ɗigon da ƙarfi yake!" Babba ya rufe hanci. Ni kuwa ko gezau, hancina bai kawo mini labarin ba. Na ɗaga kai, sai na ga Malama ta yamutse fuska ta kau da wuya, irin yadda na yi sak.

Na ce, "Af, Malama! Don mace ce?"

Ta tsaya kamar an dasa ta. Sai dariya ta ƙwace mata, ta durƙusa a gaban bencin tana yi, hawaye na zuba. Ta ce, "Baba, ka yafe mini." Na ce ni zan nemi yafiya, ni da almakashina. Ta ce tunda haka ne ni za a riƙa ba wa aikin canjin ƙyalle, na ce na karɓa da hannu biyu.

Sun tafi washegari. An mayar da ni sama, domin ɗakin da nake da shi ke nan, warin kuma yana hawowa kamar kullum. Labari ya zaga layi, wasu masu saye sun ja baya, Babba yana gaishe ni a gajarce. Amma jiya na ji shi yana ce wa wata, "Ni na haɗa, ki gwada ki gani." Ya kuma ce zai kai ni wurin likitan hanci in Mai Faci ya yarda ya sake kama kujera.

Malama ta bar mini hular Ɗigo, wadda ta kwana da ita, a cikin sabuwar kwalba mai murfi da turare bai taɓa shiga ba. Kin ce in zaɓi abin da zan riƙa shinshina kowace safiya, to ita na zaɓa. Har yau ban ji komai ba. Ina buɗewa dai, in ja numfashi, in jira. Ke kika ce ƙamshi baƙo ne mai ladabi, sai ya tsaya ya yi sallama. Na bar masa ƙofa a buɗe.

Kakan Ɗigo,
Mai Turare